Sikana ɗaya, kwamfutoci uku: ina gizo ke saƙar?

A gidan da ke da kwamfuta mai Windows, da wata mai Linux, da kuma Mac, raba firinta bai cika ba da wahala ba, amma da an zo kan sikana sai a yi cirko-cirko. Mutane kan ɗora laifin a kan bambancin manhajojin da ke tafiyar da kwamfutocin. A ganina matsalar ta samo asali ne daga yadda aka tsara magana da sikana tun farko. Firinta karɓa kawai take yi, a aika mata shafi ta buga. Sikana kuwa sai an yi ta kai da komo da ita: a nemi samfurin hoto, a zaɓi yanki, a faɗi kaifin da ake so, sannan ta turo kaya masu nauyi. Shafin A4 guda mai launi, a ɗigo 300 cikin kowane inci, ya kai megabait 26 kafin a matse shi.

Tsarin TWAIN da kamfanoni irin su Kodak, Hewlett-Packard da Logitech suka fitar a 1992 ya ɗaure direban na'urar da tagar da mutum ke dannawa wuri guda, a kan zaton sikana tana jone da kwamfutar da ake zaune a gabanta. Shi ya sa Windows ke da maɓallin raba firinta amma ba ta da irinsa na sikanar USB, kuma Samba, da ke raba fayiloli da firintoci tsakanin Linux da Windows, ba ruwanta da sikana. Tsarin SANE kuwa, wanda David Mosberger-Tang da Andreas Beck suka assasa a 1996, ya raba biyun: ɓangaren da ke magana da na'ura daban, ɓangaren da ke nuna hoto daban. Saboda haka ƙaramar manhajar saned ke iya sauraro a ƙofa ta 6566 ta miƙa sikana ga sauran kwamfutocin gida. Sai dai Windows da Mac ba sa jin wannan yare sai an ƙara musu wata manhaja, kuma saned ba ta ɓoye bayanan da ke wucewa.

Mafita mai ɗorewa ita ce a daina neman direba ga kowace kwamfuta, a koma ga yaren da kowa ke ji, wato eSCL, wanda Apple ke kira AirScan, ƙungiyar Mopria kuma ta wallafa ƙa'idojinsa. Sikana mai eSCL takan yi shelar kanta a waifai, Mac ta gan ta a Image Capture, Linux ta gan ta ta hanyar sane-airscan, mai Windows kuma ya same ta da manhajar kyauta ta NAPS2. Tsohuwar sikanar USB ma ba ta zama ta bola ba: in dai SANE ta san ta, ana iya jona ta da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, a sa manhajar AirSane, ta riƙa fassara tsakani.

Wani zai ce ai kyamarar waya ta raba gardama. Ga rasit ko takardar shaida guda ɗaya, haka ne. Amma waya ba ta zuƙar shafi hamsin ɗaya bayan ɗaya, kuma tsohon hoton iyali yakan fito da ƙyalli da karkata. Wani kuma zai ce a yi sikanin a kwamfuta ɗaya a zuba a jakar da kowa ke shiga. Wannan yana aiki, sai dai dole kwamfutar ta kasance a kunne, mai ita kuma ya ba ka wuri. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro, domin sikana da yawa masu eSCL ba sa neman kalmar sirri, duk wanda ya hau waifai ɗin gidan zai iya ɗaukar hoton abin da aka manta a kan gilashi, ko da fasfo ne. Maganinsa a ware wa baƙi waifai nasu daban, kada kuma a buɗe wa sikana ƙofa a rauta zuwa intanet.