Tsare Irin Lambu Daga Ɗarin Dare A Ƙasar Zuru

Duk wanda ya taɓa kwana a Zuru cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da Dakarkari suka kai dawa rumbu suna shirin bikin Uhola, ya san ɗarin asubar ƙasar nan. Mutum ya ja bargo ko ya matsa jikin wuta. Irin tumatir da na barkono da aka yafa a fangali kuwa ba shi da mafaka sai wadda mai lambu ya yi masa. Sau da yawa malami yakan shuka iri tare da yara a lambun makaranta, a yi mako uku ba tsiro, sai a ɗora wa mai sayarwa laifi. Galibi irin lafiyarsa lau, ƙasa ce ta yi sanyi.

Tumatir ya fi tsira a ƙasa mai ɗumin digiri 20 zuwa 30 bisa ma'aunin Salshiyos. In ta sauka ƙasa da 10 ko motsi ba ya yi. Barkono da attarugu sun fi shi raki. To, da rana ƙasa takan sha zafi, amma da yake da hunturu babu girgije kuma iska a bushe take, rana na faɗuwa sai zafin nan ya yi ta ficewa har asuba.

Mutanen Ingila, masu fama da ƙanƙara, sukan yi wa iri akwati marar gindi, su sa masa murfin gilashi, da dare su lulluɓe da tabarma. Mu ba mu bukatar gilashi. A kewaye fangali da tubali, bangon arewa ya fi na kudu tsayi kaɗan, gama ta arewa maso gabas iskar hunturu ke zuwa, rana kuma a lokacin ta karkata kudu. A gitta gora, a shimfiɗa farar leda, a danne gefenta da duwatsu. A bayan tubalin a tara ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, a riƙa dubawa saboda gara. Da dare a ɗora zana ko asabari biyu a kan ledar, gama leda ita kaɗai ba ta riƙe ɗumi sosai.

Abin da muke so malamai su fahimtar da yara shi ne, zana ba ta haifar da zafi, wanda rana ta zuba take tsarewa. Saboda haka wanda ya bari sai bayan isha'i ya rufe, sanyi ya rufe a ciki. Lalle a rufe da la'asar sakaliya, tun ƙasa da ɗuminta. Zanar kuma ta zama busasshiya, don iskar da ke maƙale tsakanin ciyawa ita ke aikin, jiƙaƙƙiya ba ta da amfani. Wanda ya ajiye tulu biyu cike da ruwa a kusurwa ya ƙara dabara, gama ruwa ya fi ƙasa jinkirin hucewa. Ban ruwa da safe ne, ba da yamma ba.

Amma fa a ganinmu mantuwar safe ta fi ɗarin dare ɓarna. Rana ɗaya tak aka bar leda a rufe har azahar, sai a tarar da tsiro ya dahu. In ma ya tsira, gumi ya ruɓar da gindinsa ya kwanta. Da hantsi a janye zana, a ɗage leda. Ranakun da ba makaranta, a sa wa yaro ɗaya wannan aiki da sunansa.

Garin da aka kafa wa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020 ya kamata yaransa su saba da awo. A sami ma'aunin zafi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a rubuta abin da suka nuna kowace asuba. Tumatir yakan isa dashe cikin mako huɗu zuwa biyar, barkono wajen shida. In saura mako guda, a riƙa rage rufi kaɗan-kaɗan don tsiro ya saba da fili.