Yadda Za A Riƙa Tunawa Da Kai Bayan An Tashi Kasuwa

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, wadda ta yi kimanin shekara 10 a rufe saboda ta'asar 'yan bindiga. Buɗe kasuwa aikin rana ɗaya ne. Dawo da hulɗar da ta yanke tsakanin manomin Randagi da ɗan sarin Funtuwa ko na Dawanau kuwa sai a hankali, kuma a wuraren haɗuwa ake ƙulla ta: rumfar dillali, taron ƙungiyar manoma, wajen ɗaurin aure, gindin bishiya bayan sallar Juma'a. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, minti biyar a irin wannan wuri kan jawo cinikin kaka guda.

Da farko, kada ka gabatar da kanka in akwai mai gabatar da kai. Yankin da ya sha wuyar infoma ba ya sakin jiki da baƙuwar fuska, kuma da gaskiyarsa. Dillali ko dattijo ya ce, "Alhaji, wannan ɗan gidan wane ne, na san mahaifinsa," ya fi duk bayanin da za ka yi da bakinka. Saboda wannan dalilin ne ma ya kamata ka kiyayi wasu tambayoyi. Shanu nawa gare ka, buhu nawa ka ajiye, yaushe za ka kama hanya: a Kaduna hira ce, a bakin daji kuwa tana sa a rufe maka fuska, ba kuma za a gaya maka dalili ba. Tambayi lafiyar iyali da yadda damina ta kaya, ka bari mutumin ya kawo zancen kaya da kansa.

Sannan ka zo da abin da hannu zai taɓa. Mai sayen hatsi zai dumbuzi masarar da ka kawo, ya watsa a tafinsa, ya hura ya ga ƙaiƙayi, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. In ta yi ƙas, ta bushe. A nan nake ganin mutane da yawa suna cutar kansu, domin sukan tsince mai kyau su kawo samfur, alhali ƙasan buhu daban yake. Ranar da aka zazzage buhun, sunanka ya shiga bakin 'yan sari, kuma su ba sa ɓoye wa juna labari. Kawo daidai abin da ke rumbunka, in da tsakuwa ka faɗa, a yi ciniki a kan haka.

Maganarka ta zama gajera: abin da kake da shi, inda yake, lokacin da za ka iya kawowa. Ka karɓi lambar wayar mai saye, ka kira a wurin domin taka ta shiga wayarsa.

Kafin ku rabu, ɗauki alkawari ƙarami wanda ba zai gagare ka ba, ko da aika tiya biyu ta waken suya ne ta hannun direba. In hanya ta ƙi ko sabis ya ɗauke, nemi inda za ka samu ka kira kafin ranar alkawarin, ka ce, "Ranka ya daɗe, kayan ba za su iso ba sai kasuwa mai zuwa."