Karenka ya kwanta ciwo: yaushe za ka ɗauke shi, yaushe za ka nisance shi?

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Tasawa da Mayahi, yau zancen kare za mu yi. Mun san wani zai yi dariya. A wajenmu, in rago ya ƙi cin dusa da safe, kafin azahar an kira malamin dabbobi. In kare ne, sai a ce a bar shi, zai ci ciyawa ya warke. Alhali shi ke kwana bakin garke yana korar dila da ɓarawo. Shi ke tsaron rumbu. Kuma shi ke wasa da yaranmu. Saboda haka ciwonsa ya shafe mu.

Ciwon kare mai tsanani kashi biyu ne. Akwai wanda in an yi hanzari ana ceton dabbar. Akwai kuma guda ɗaya da ba ya da magani, wato haukan kare. A nan, mutanen gida ake hanzarin ceto.

Ciwon da ba ya jiran ranar kasuwa

Na farko shi ne zawon jini na kwikwiyo. Ya fi kama mai sati 6 zuwa wata 6. Kwikwiyo ya ƙi abinci, ya yi ta amai, sai zawo mai jini mai ɗoyi ƙwarai. Likitoci sun gano wannan cuta a shekarar 1978, kuma nan da nan ta game duniya. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe dabbar. Ka ja fatar bayan wuyansa ka saki. In fatar ta tsaya ba ta koma ba, ruwa ya ƙare. Abin da ke cetonsa shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, irin wanda ake yi wa yaro mai zawo a gidan likita. Waɗanda aka yi wa da wuri, yawancinsu suna tashi. Waɗanda aka bari, yawancinsu suna mutuwa cikin ƴan kwanaki. Ƙwayar cutar tana daɗewa cikin ƙasa wata da watanni. A wanke wurin da ruwan jabel, kada kuma a yi saurin kawo sabon kwikwiyo gidan.

Sai guba. Wannan kam laifinmu ne. Muna ajiye maganin ƙwarin wake da maganin kusu inda kare ke kaiwa. Wanda ya lashi maganin ƙwari, cikin awa ɗaya ko biyu za ka ga yawu na zuba, jiki na rawa, ga amai. Likitan dabbobi yana da allurar da ke karya wannan guba, sunanta atropine. Maganin kusu kuwa, akwai irin da ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5. Kare ya yi laushi, dasashi ya yi fari, jini na fita ta hanci ko cikin kashi. Shi ma yana da makari, amma daban da na farko. Don haka ka tafi da kwalbar ko takardar maganin, likita ya karanta. Kada ka ɗura masa man gyaɗa ko madara. Mai yana ƙara jan wasu magungunan ƙwari cikin jiki, kuma ɗuri kan sarƙe dabbar.

Motoci ma suna yi mana ɓarna, musamman a garuruwan bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kamar Tasawa da Maijirgi. Karen da mota ta buge yana iya cizon ubangidansa don zafi. Ka ɗaure masa baki da tsumma, sai fa in yana amai ko numfashi na yi masa wuya. Ka danne inda jini ke fita da ƙyalle mai tsabta. Ka ɗora shi bisa katako ko tabarma, mutum biyu su ɗauka. Haka in gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido: ka wanke idon da ruwa mai yawa nan take, sa'an nan ka kama hanya.

Kada ka ba kare ko mage maganin mutane na ƴan tebur. Ƙwayar parasetamol ɗaya tana iya kashe mage.

Ina za a kai shi? Asibitin karnuka mai na'urar hoton ƙashi da ɗakin tiyata, sai a manyan birane. Abin da muke da shi kusa shi ne ma'aikatar kiwo ta gunduma a Tasawa da Mayahi, da malaman dabbobi na ƙananan hukumomi, da mataimakansu na ƙauyuka. Daga Urafan ko Kanambakashe, tafiya ce. Ka fara kira da salula ka faɗi abin da ka gani, a shirya magani kafin ka iso.

Ciwon da ba a sa masa hannu

Yanzu sai ku saurara da kyau. Mun ce karen da ya ci guba yana zubar da yawu. To, mahaukacin kare ma haka yake. Bambancin shi ne guba tana zuwa farat ɗaya ga kare mai lafiya. Hauka kuwa tana fara canza halin dabbar kwana biyu ko uku. Mai fara'a ya koma ɓuya a lungu. Muryarsa ta canza. Ya riƙa cizon icce da dutse, ko ya bar gida yana gudu ba gaira ba dalili.

Akwai kuma mai haukan shiru, kuma shi ya fi yaudarar mutane. Ba ya cizo, ba ya gudu. Bakinsa ne ke sake, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Sai mai gida ya ji tausayi ya sa hannu zai ciro ƙashin. Cutar kuwa cikin yawu take. Ɗan ƙurji ko tsaga a yatsa ya ishe ta ƙofa. In ka yi shakka, ka rufe karen a ɗaki ko ka ɗaure shi nesa da yara, ka tura masa ruwa da sanda, ka kira malamin dabbobi ya zo. Irin wannan ba a ɗaukarsa a babur.

In ya ciji mutum fa? A wanke ciwon da ruwa da sabuni har minti 15. A duba agogo, don minti 15 yana da tsawo. Kada a ƙona gashin karen a shafa, wannan ba ya kashe cutar. A tafi gidan likita a ranar, ko da ɗan karce ne. Ana yin allurar sau da yawa cikin kwanaki daban-daban, kuma dole a cika ta. Alamun cutar kan bayyana ga mutum bayan wata 1 zuwa 3, wani lokaci fiye. Kafin su bayyana, allura tana tare cutar. Bayan sun bayyana, likita ba ya da abin yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da haukan kare kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10 da ake zargin mahaukaciyar dabba ta ciza, 4 yara ne ƙasa da shekara 15. Allurar nan kuwa tsohuwa ce. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita a Faransa, yaron ya rayu.

Kada a yi gaggawar kashe karen gida da ya yi cizo. A tsare shi sati biyu, malamin dabbobi na duba shi. Mai cutar a yawu ba ya wuce kwana 10 bai nuna ba ko bai mutu ba. Amma wanda aka ciza kada ya zauna jiran wannan, ya fara allurarsa. In kuwa karen ya gagara kamu har aka kashe shi, kada a fasa kansa. Ƙwaƙwalwar ake aikawa gidan binciken cututtukan dabbobi na LABOCEL a Yamai, don a tabbatar.

Lambar da ake yi wa shanu da awaki kowace shekara daban take da ta kare. Ta kare, kai ne za ka je ka nema. Ana fara ta hauka yana da wata 3, a sake kowace shekara. Ta zawon jini kuwa tun yana da sati 6 zuwa 8. Masana sun lissafa cewa in kare 7 cikin 10 na gari suka samu lamba, hauka tana daina yawo a garin. Allurar tana son sanyi, ba ko'ina ake ajiye ta ba. In masu karnuka na ƙauye ɗaya suka haɗa kai, mai gari ya sa rana, malami zai zo da akwatin ƙanƙara sau ɗaya ya yi wa duka. Ka karɓi takardar lamba, ka duba an rubuta kwanan wata a kanta.