In shafin rediyo ya ƙi buɗewa, ba kullum ne laifin rezo ba

Jama'ar Gidan Sori da 'yan uwa mazauna Kano, Agadas da Libiya, shafin intanet yana da ɗakin kula, irin su cPanel, inda mai tsaron shafi ke shiga da kalmar sirri. A sashen Awstats yana ganin yawan masu shigowa da ƙasashen da suke. Wani sashen kuma na ajiye kurakurai 300 na ƙarshe.

Kuskure yakan zo da lamba a wayarka. 404 na nufin an cire labarin ko adireshin ya karkace. 500 kuwa, matsalar daga na'urar da ke riƙe shafin take. To, kada ka ƙona mega kana ta gwadawa. Ɗauki hoton lambar ka turo mana, kar sanarwar rasuwa ko ta suna ta wuce wani.