Sa'ad da Mara Lafiya Ba Ya Iya Magana

Mu da ke hidima a Hanwa, hanyar Shika ba baƙuwa ba ce gare mu. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello mukan tarar da ɗan ikkilisiya kwance bai san inda kansa yake ba, likita kuwa yana jiran a sa hannu: a yi tiyata, a ci gaba da wankin ƙoda, ko a koma gida? Sai dangi su juyo su ce, "Fasto, yaya za mu yi?"

Da farko, shawarar ba tamu ba ce, ta mara lafiya ce. A 2001, cikin shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar cewa babba mai hankalinsa yana da ikon ƙin magani. Saboda haka in bakinsa ya rufe, dangi wakilansa ne kawai. Mu taimake su su tambayi kansu, "Da shi ne, me zai zaɓa?" Batun yara dabam ne: a 2019, cikin shari'ar Esabunor, kotun ta nuna cewa imanin iyaye ba zai hana yaro ƙarin jinin da zai ceci ransa ba.

Na biyu, mu lura da wanda aka yi wa shiru. Sau da dama 'yan'uwan miji sukan yanke magana a baranda, matarsa tana gefe, alhali ita ta san abin da ya sha faɗa. Farawa 2:24 ya mai da su jiki ɗaya. Mu jawo ta cikin zancen.

Na uku, mu roƙi likita ya yi bayani a fili: maganin zai warkar ne, ko jan kwana kawai? Nawa ne kuɗinsa? Barin maganin da ba ya amfani ba kisa ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Amma in rashin kuɗi ne zai sa a fitar da wanda ake sa ran zai tashi, nauyin ya hau kan ikkilisiya.

A Ishaya 38 an umarci Hezekiya ya kintsa gidansa, ya yi addu'a da hawaye, aka kuma ɗora masa ɓaure a kan marurun. Mu koya wa jama'armu duka ukun: shiri, addu'a da magani. Kowa ya faɗa wa iyalinsa nufinsa tun yana da baki.