Rediyon motarka lafiyarsa ƙalau, a tuhumi faifan

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tashoshin mota da rumfunan masu wayarin, wai rediyon motocin da ake shigowa da su ta Kwatano a kulle yake tun daga Turai, don kada ya karanta faifan da aka yi a nan. Hujjar ba ta wuce ɗaya ba. Mutum ya je shago an ɗora masa karatu ko waƙoƙin Shata a faifan CD, an gwada a kwamfutar shagon ya yi sumul, ya zo mota ya zura, rediyo ya yi ɗan gurnani ya tofo shi waje. Shi kuwa tsohon faifan da Bature ya manta a cikin motar, kana sa shi zai kama.

Zancen bai faɗo daga sama ba. Faifan fim na DVD an raba masa duniya shiyya-shiyya: Amurka shiyya ta 1, Turai ta 2, Najeriya da Nijar ta 5, kuma na'urar wata shiyya tana iya ƙin faifan wata. Haka nan wasu rediyoyin mota kan nemi lambar sirri idan an cire batir. Amma faifan sauti na CD ba shi da shiyya ko kaɗan. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara ƙa'idarsa a 1980, ya shiga kasuwa a 1982, kuma ƙa'idar nan ɗaya ce daga Tokiyo har Maraɗi. Babu wanda ya zauna a Jamus ya ƙulla wa faifan Kano makirci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗaukar duk faifai mai waƙa a ciki a matsayin abu ɗaya. Iri biyu ne, kamarsu ɗaya a ido, amma rubutun cikinsu ya sha bamban kamar boko da ajami. Na farko shi ne faifan sauti na asali. A cikinsa sauti a shimfiɗe yake, an auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ba a matse komai ba. Shi ya sa cikinsa ba ya ɗaukar fiye da minti 80, kuma waƙoƙi ba sa wuce 99 komai gajartarsu. Na biyu faifan ajiya ne, wato dai filashi ne a siffar faifai, ana zuba masa fayil-fayil na MP3 har megabait 700. MP3 kuwa, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, sauti ne da aka danne, aka zubar da abin da kunne ba ya cika lura da shi, har minti guda ya koma kamar megabait ɗaya. Da haka faifai ɗaya ke cinye awa goma sha ɗaya ko fiye.

Ka ɗauka faifan farko tuwo ne a malmale, na biyu kuma gari ne a buhu. Buhun ya fi malmala auki nesa ba kusa ba, amma sai mai tukunya da murhu ke cin moriyarsa. Kwamfuta tana da murhu, tana warware MP3 ta mayar da shi sauti nan take. Tsohon rediyon mota baƙo ne da ya zo da cokalinsa kawai; ka dire masa buhu a gaba, sai ya dube ka ya tashi. Ko ka ce wasiƙa ce aka rubuta da ajami aka miƙa wa ɗan bokon da bai taɓa zama gaban allo ba. Ganinsa garau, takardar ma ba ta da aibi, karatun ne bai iya ba. Rediyoyin mota masu fahimtar MP3 sai bayan shekarar 2000 suka fara yawaita, kuma wanda ya iya yakan yi shelar kansa: duba fuskarsa, za ka ga an rubuta MP3 ko WMA. In babu, to kada ka wahalar da shi. Ga ma'auni mai sauƙi: duk faifan da aka ce maka izu sittin na ciki, ko waƙa ɗari da hamsin, faifan ajiya ne, ko da mai shago ya rantse.

Akwai kuma masu dabarar sauya wa fayil suna. Saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, kuma goge wutsiyar sunansa a rubuta mp3 bai mayar da shi MP3 ba, kamar yadda rubuta “shinkafa” a buhun gero ba ya sauya abin da ke ciki. Sai an juya shi da manhajar da ke wannan aiki.

Sai batun rufe faifai. Na'ura tana fara karatu ne daga tsakiya, kusa da ramin nan, ta yi waje. A wannan zoben na ciki ake rubuta jerin abin da ke faifan: waƙa nawa ce, kowace daga ina ta fara. Ba a rubuta jerin nan sai lokacin da aka rufe faifan. Yaran shago da yawa kan bar shi a buɗe, wai don a iya ƙara wasu waƙoƙin gobe, wasu kuma idan Windows ta tambaye su sai su zaɓi a yi amfani da faifan kamar filashi. Kwamfuta za ta lallaɓa ta karanta. Rediyon mota kuwa direba ne mai taurin kai, ba ya tayar da mota sai an miƙo masa takardar sunayen fasinja, ko da kujeru sun cika maƙil.

Irin faifan ma da magana. Na kamfani buga shi ake yi da inji, yana mayar da aƙalla kashi 70 cikin ɗari na hasken da idon rediyo ya haska masa. CD-R, wanda ake rubutawa sau ɗaya, wani rini ne a cikinsa da hasken leza ke ƙonawa ɗigo-ɗigo, kuma ƙyallinsa bai yi nisa da na kamfani ba. Amma CD-RW, mai gogewa a sake, kashi 15 zuwa 25 kacal yake mayarwa. Rubutun fensir ke nan a hannun dattijo bayan magariba. Rediyon da aka ƙera kafin fitowar CD-RW a 1997 bai ma san da zamansa ba. Faifan DVD kuwa, ko waƙa ɗaya ce a ciki, rediyon CD ba zai gan shi ba, don hasken da ake karanta su da shi ba iri ɗaya ba ne. Gaggawa ma tana ɓata aiki. Idan aka ɗora a gudun 48 ko 52 saboda layi ya yi tsawo a shago, ɗigon kan fito dishi-dishi, motar kuma ga ta tana faɗawa ramuka. Gudun 8 zuwa 16 ya fi kwanciyar hankali, bambancin kuma 'yan mintoci ne.

Sauran laifin namu ne. Muna barin faifai a gaban gilashi rana ta gasa shi tun hantsi har la'asar, alhali rinin nan ba ya shiri da zafi da hasken rana. Muna manna masa takardar suna, zafi ya ɗago ta, faifai ya maƙale a cikin rediyo. Ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a idon rediyon, wanda dama tsufa ya rage masa ƙarfi, shi ya sa yakan fara ƙin faifan gida tun kafin ya ƙi na kamfani.

Abin takaicin shi ne rediyoyi nawa aka kwance a banza saboda wannan. Wasu masu gyara ba sa ko tambayar wane irin faifai aka sa, sukudireba kawai suke ɗaukowa, a ƙarshe mai mota ya koma gida da rediyon da a da yake karanta wani faifan, yanzu ba ya karanta ko ɗaya.

Kafin ka miƙa naka rediyon ga mai gyara, sayi CD-R guda ɗaya mai kyau. Ka ce wa mai shago ya buɗe Nero ko Windows Media Player ya zaɓi Audio CD, wato faifan sauti na asali, ya sa abin da bai wuce minti 80 ba, ya rage gudu, ya rufe faifan. Ka tsaya a kansa har ya gama, ka rubuta sunan da alƙalamin maka mai laushi, sannan ka gwada a motar tun ba ka bar ƙofar shagon ba. In wannan ya ƙi, na kamfani ma ya ƙi, to a lokacin ne za ka nemi mai gyara.