Aliens: Ranar da Uwa Ta Tari Uwa

Yau fim ɗin dodon sararin samaniya ne a gabanmu.

A 1979 Ridley Scott ya fitar da Alien: jirgi ɗaya, dodo ɗaya, ya bi ma'aikata yana hallakawa, mace ɗaya ta tsira, sunanta Ripley. An yi ta ƙaro wasu har 2024. Amma a wurina, na biyun, Aliens na James Cameron, 1986, babu kamarsa.

Wasu za su ce saboda sojoji da ruwan harsashi ne. Akwai su, gaskiya. Amma ku saurari wannan. Ripley ta farka bayan barcin shekara 57. Ta baro 'yarta a duniya da alkawarin dawowa kafin ta cika shekara 11, sai aka nuna mata hoton tsohuwa, aka ce 'yar ce, ta rasu tana da 66. Wannan fitowar an yanke ta daga wanda aka nuna a silima, sai daga baya aka mayar. Kuma ita ce zuciyar labarin.

Domin da ta koma wurin dodannin tare da sojojin, sai Ripley ta tsinci Newt, marainiya, duk datti, tana ɓoye a bututun iska rungume da kan 'yar tsana. Ripley ta ba ta abin sha mai ɗumi, ta goge mata fuska a hankali. Duk gidan da aka taɓa riƙon maraya an san wannan hannun. Da dodanni suka ɗauke yarinyar, Ripley ta ɗaure bindiga da abin feshin wuta, ta koma ita kaɗai. Ita kaɗai, jama'a, don 'yar da ba ita ta haifa ba.

A can ta tarar da uwar dodannin tana zuba ƙwai, kamar sarauniyar gara a cikin suri. Ba aikin kwamfuta ba ne: gwanin ƙera dodannin fim Stan Winston da yaransa suka ƙera ta, tsayinta ƙafa 14, da mutum biyu a ciki suna motsa hannuwan. Ripley ta ƙone ƙwayayen, uwar ta biyo ta. Uwa ce ta tari uwa, kowacce a kan nata.

Sigourney Weaver, wadda ta fito a matsayin Ripley, ta shiga takarar Oscar da wannan rawar. Shi kuwa Alien 3 na 1992, tun a farkonsa ya kashe Newt, ko kalma ɗaya ba ta furta ba.